Tsarabar Cakulan Daga Kumasi: A Duba Bayan Takarda Kafin A Biya

  Wanda ke bayan shanu a dajin Agogo ko filayen Afram, Allah ya ba da sa'ar kiwo. Wanda ya kwana a layin motoci a Paga ko Kulungugu ko Aflao yana jiran a buga masa takarda, Allah ya kawo sauƙi. Yau daga Zangon Kumasi muke magana, kuma zancen namu kan ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba, wato cakulan. Kada ka ce wannan ai zancen yara ne ka murɗe akwatin. Tsaya ka ji dalili.

Makon jiya bayan la'asar, a nan Aboabo, wani bawan Allah ya tare ni. Falke ne, yana sauko da shanu daga arewa zuwa mayankar Kaase, in ya sayar ya ɗauki goro da kayan kanti ya koma. Ya ce: "Malam, ina da 'ya mai shekara bakwai. Shekara biyu tana zawo, ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara. Mun yi jiƙo, mun ba da maganin tsutsa, shiru. Daga baya likita ya auna ta, ya ce alkama ce ba ta yi da jikinta, kada ta sake ci har abada. Muka daina, yarinya ta murmure. Ga kuma ɗan ƙanena, shi da ya ci awara sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura. To duk zuwan da na yi Kumasi yara cakulan suke jira. Wancan karo na raba wa kowa na hana su biyun, yarinyar ta koma bayan ɗaki tana kuka, ni ma abincin dare bai shiga ba. An ce mini baƙin cakulan, mai ɗacin nan, babu komai a cikinsa. Gaskiya ne?"

Na ce masa, Alhaji, rabin gaskiya aka faɗa maka. Ɗaya rabin shi ne shirinmu na yau.

Koko biyu, kada a haɗa

Mu fara raba gardama, don mu a Zango koko biyu gare mu. Akwai kokon gero da muke sha da ƙosai da safe, akwai kuma kokon itace, wanda Tonawa ke nomawa a dajin Asante. Na biyun nake nufi. Tarihi ya nuna Tetteh Quarshie ne ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, ya shuka a Mampong ta Akuapem, daga nan ya bazu. Gana na cikin manyan masu nomansa a duniya, Kwaddibuwa na gaba, su biyun kuma ke samar da kaso mai yawa na abin da duniya ke samu. Da yawa daga cikin kakanninmu na Zango a gonakin koko suka yi ƙwadago, wasu kuma goro ya kawo su. Goro da koko ma dangin juna ne a wajen masana tsirrai, duka biyun kuma suna da ɗaci, suna korar barci.

Wanda ya taɓa aikin gonar ya san yadda ake yi. A fasa ƙwallon, a kwashe 'ya'yan, a lulluɓe da ganyen ayaba wajen kwana shida su ruɓa daidai, a shanya a rana, a zuba a buhu mai kilo 64. A masana'anta a gasa, a ɓare, a niƙa. Abin da ya fito wani baƙin ƙulli ne mai maiƙo, kamar tunkuzar gyaɗa kafin a matse. In an matse shi mai ya fita gefe, gari ya rage gefe.

Baƙin cakulan na ainihi abu uku ne kacal: wannan ƙullin koko, man koko, da sukari. A cikin ukun nan babu alkama, babu waken soya. Nan ne rabin gaskiyar da aka gaya wa Alhaji. Matsalar tana shigowa ne daga abin da masana'anta ta ƙara, da kuma injin da aka bi da shi.

Kafin mu wuce, kalmomi biyu na ruɗa mutane a jikin takarda. In ka ga cocoa butter, ba man shanu ba ne, man 'ya'yan koko ne, kamar yadda ake samun man kaɗe daga kaɗanya. In ka ga cocoa liquor ko cocoa mass, ba giya ba ce, sunan wancan ƙullin ne. Cakulan mai giya daban yake, ana rubuta sunan giyar a jiki.

Me alkama ke yi, me soya ke yi

Ka taɓa lura kwaɓin funkaso ko na burodi yana miƙewa kamar danƙo, amma ƙullun gero ko na masara yankewa yake? Wannan danƙon shi likitoci ke kira gulutin. Yana cikin alkama, da sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake rubuta sunansa rye. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma akwai waɗanda in ya shiga cikinsu, sai sojojin jikinsu su juya su far wa bangon ƙaramin hanji. Hanjin ya sule, ya kasa tsotse amfanin abinci. Sai ka ga zawo ba ya ƙarewa, ciki a kumbure, jini ya yi ƙasa, yaro na ci amma ba ya girma. Sunan cutar siliyak, kuma ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, da yawansu ba su sani ba.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1944 zuwa 1945, burodi ya yanke, sai ya ga yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. Kada kuma wani ya ce ciwon Turawa ne. Binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi, jikokin makiyayan raƙuma da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, ya samu fiye da 5 cikin 100 suna da ita. Mutane ne da abincinsu ya koma garin alkamar agaji. Mu ma a ruga da Zango, burodi da taliya sun shigo inda da fura da tuwo ne kawai.

Mai wannan cuta ba shi da magani sai ƙauracewa. Kuma ba a cewa "ɗan kaɗan ne, ba komai". Ɓurɓushin biskit ya isa ya tayar da ciwon, ko da bai nuna a ranar ba.

Na waken soya daban ne. Shi jiki ne ke ƙin waken, kuma yakan nuna da wuri, cikin mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu: ƙaiƙayi, borin jini, amai, kumburin leɓe ko fuska. In ya kai ga numfashi na sarƙewa ko murya ta shaƙe, wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jira gari ya waye ba ne. A ɗauki mutum a nufi asibiti mafi kusa nan take.

Gargaɗi ɗaya a nan, ku riƙe shi da kyau. Ba kowane zawo ba ne siliyak. Tsutsar ciki na nan, taifot na nan, ruwa marar tsabta na nan. Kada ka yanke wa ɗanka hukunci da kanka. Kuma in za a je gwaji, kada a daina ba shi alkama kafin a ɗebi jinin, don in an daina, gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. A fara ganin likita. Na Kumasi da kewaye, babban asibitinmu shi ne Komfo Anokye, na arewa kuma akwai asibitin koyarwa na Tamale.

Ta ina suke shiga cakulan

Ƙofa huɗu ce.

Ta farko a bayyane take: duk cakulan mai biskit a ciki, ko mai ƙurus-ƙurus in an tauna. KitKat, alal misali, biskit ɗin alkama ne aka lulluɓe, ko da kuwa baƙin ne. Irin waɗannan, mai ciwon alkama ya bar su gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce malt, wato tsiron hatsi da ake jiƙawa a busar don zaƙi da ƙamshi. Yawanci na sha'ir ne, sha'ir kuwa na da gulutin. Nan ne garin shayin gwangwani mai launin koko ke kama mutane. Wasu masana'antun Najeriya da dawa suke yin nasu tun bayan da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, amma gwangwani mai suna ɗaya da launi ɗaya, in a wata ƙasa aka yi shi, yana iya zama na sha'ir. Kama da wane ba ta wane. In takarda ta ce malt ba ta faɗi na wane hatsi ba, ɗauka na sha'ir ne.

Ta uku ita ce ta soya, kuma ita ta fi yawa. Masana'antu na ɗiga wani maiƙo mai suna lesitin don cakulan ya yi santsi ya bi bututun inji ba gardama. Ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma galibinsa daga waken soya ake tatsowa. Lambarsa E322. Akwai kuma wanda ake yi da tsabar furen nan mai bin rana, shi ba ruwansa da soya. Abu biyu game da lesitin: na ɗaya, babu gulutin a cikinsa, don haka bai shafi 'yar Alhaji ba, ɗan ƙanensa ya shafa. Na biyu, da yawa daga masu ƙin soya ba ya tayar musu, saboda abin da ke tayar da ciwon kaɗan ne ya rage a ciki. Amma wannan likitan yaron ne zai faɗa, ba mai kanti ba, ba kuma mai magana a rediyo ba. Kafin likita ya ce eh, a guje shi.

Ta huɗu ita ce ɓoyayya, kuma matan Zango sun fi kowa saninta. Hajiya, in kin kai geronki injin niƙa bayan wata ta niƙa waken soya ko alkama, garin farko da zai fito na waye? Gauraye ne. Haka masana'anta take. Injin da ya yi mai biskit da safe, shi zai yi baƙin da yamma. Shi ya sa ake rubuta wani ɗan layi a ƙasan jerin kayan haɗi, cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushin kaza da kaza. Wannan layin shi ne wanda ido ya fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci.

Yadda ake karanta takardar

Makiyayi, in za ka sayi saniya a kara, launin fata kake kallo? A'a. Baki kake buɗewa ka ga haƙori, ka duba kofato, ka taɓa hantsa. To gaban takardar cakulan fata ce: zane, ruwan zinariya, da babban lamba kamar 70% ko 85%. Lambar nan yawan koko kawai take faɗa maka. Ba ta ce babu soya ba, ba ta ce babu alkama ba. Haƙoran suna baya, a ƙananan rubutu.

Ka nemi inda aka rubuta Ingredients, da Faransanci ma kusan haka ake rubutawa. Abin da ya fi yawa shi ake fara ambata. In sukari ne a farko, to baƙin nasa na ado ne. Kuma gajeren jeri ya fi dogo kwanciyar hankali: abu uku ko huɗu da ka gane ya fi goma sha biyar da ba ka sani ba.

Ga kalmomin da za ka farauta. A kayan Gana da Najeriya, masu Turanci, na alkama su ne wheat, flour, barley, malt, rye, biscuit, wafer. Har oats ma a yi hattara, don yawanci yana gaurayuwa da alkama tun daga gona. Na soya kuwa soy, soya, soya lecithin. In an rubuta lecithin ko E322 kawai ba a faɗi tushensa ba, ɗauka na soya ne. In ka ga sunflower lecithin, wannan na furen ne.

A kayan da suka biyo ta Togo, Burkina, Nijar ko Kwaddibuwa, masu Faransanci: blé alkama ce, farine gari, orge sha'ir, seigle wancan hatsin sanyi, soja soya, tournesol kuma furen.

Layin ɓurɓushi da Turanci yana farawa da may contain, da Faransanci peut contenir. In bayan waɗannan kalmomi ka ga ɗaya daga cikin sunayen can, mayar da shi kan kanta.

Ga kuma albishir ga wanda bai yi boko ba amma ya yi allo. Kaya da yawa da ke zuwa daga Turkiyya, Masar da Dubai suna da rubutun Larabci a baya. Ƙamhu alkama ce, sha'ir sha'ir ne kamar yadda muke faɗa, soya kuma soya. Sau da yawa malamin zaure ya fi ɗan boko saurin gano su.

Wanda ba ya karanta ko ɗaya, ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka kalmomin nan da manyan baƙaƙe a bayan kwali, ka sa a aljihu tare da takardun mota, ka riƙa gwadawa harafi da harafi. Ko ka ɗauki hoton bayan takardar da waya ka tura wa wanda ya iya ta WhatsApp kafin ka biya.

Akwai wanda ake rubuta wa gluten free ko sans gluten, wani lokaci da hoton zangarniyar alkama an soke ta da layi. Ma'aunin duniya na wannan magana shi ne kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Irin wannan shi ya fi dacewa da mai siliyak. Amma lura, wannan shaidar alkama ce kaɗai, ba ta ce komai kan soya ba. Kowanne da nasa binciken.

Dokokin ƙasashe ma sun bambanta. A Tarayyar Turai dole ne a fito da sunayen abubuwa 14 masu tayar da ciwo a fili, yawanci da baƙin rubutu mai kauri, kuma alkama, sha'ir da soya na ciki. A Amurka dole ne a ambaci alkama da soya, amma sha'ir ba ya cikin jerin dole. Layin ɓurɓushi kuwa, a yawancin ƙasashe ganin dama ne, don haka rashinsa ba shaida ba ce. Haka lambar hukumar FDA ta Gana ko NAFDAC ta Najeriya: tana nuna an yi wa kayan rajista, yana da kyau ka neme ta, amma ba tana nufin babu alkama ko soya ba.

Ina za a nema a Kumasi

Na gida dai kowa ya san Golden Tree, na kamfanin sarrafa koko da ke Tema tun 1965. Kingsbite da yara suka fi sani mai madara ne, amma suna da baƙi. Akwai Niche, akwai Fairafric da ake yi a kusa da Suhum, akwai ƙananan masu yi da hannu a Ankara irin su '57 Chocolate. Ba zan ce maka sayi wannan ka bar wancan ba, don kamfani na iya canza haɗinsa bana ba irin na bara ba, kuma kamfani ɗaya na da kala-kala. Kowane ɗaya ka juya bayansa. Manyan kantunan Adum da na Kumasi City Mall a Asokwa sun fi tara iri-iri, a can ka fi samun damar tsayawa ka karanta a natse. A Kejetia ma akwai, sai dai ka nemi mai cikakkiyar takarda. Ranar 14 ga Fabrairu ita ce ranar cakulan ta ƙasa a Gana, a kwanakin nan kaya kan cika kasuwa, mai kyau da marar kyau. In akwai lambar wayar kamfani a jiki, kira ka tambaya kai tsaye: lesitin ɗinku na mene ne, kuma injin da kuke yin baƙin yana yin mai biskit?

A 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya. In koko ya yi tsada haka, ka san abin da ke biyo baya: kayan da ke da launin cakulan amma kokon ciki kaɗan ne, an cike da wani mai da gari. Araha ba ta ado. Ba kowane ƙarin mai ne aibu ba. Dokar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayuka, cikinsu har da man kaɗanyar da matanmu ke tsinta a arewacin Gana da Burkina. Amma in takarda ta ce vegetable fat ko vegetable oil ba ta faɗi na mene ba, mai gudun soya ya yi hattara.

Ga 'yan kasuwa

Yanzu da ku nake, masu tebur a tasha da masu ɗaukar kwali-kwali zuwa Bawku, Sinkase, Wagadugu, Yamai da Maraɗi. Kun fi kowa sanin darajar takarda. Kaya ba takarda a kan iyaka, kun san yadda ake kwashewa. To takardar cakulan ita ce shaidarsa. In ka ɓare babba ka kakkarya kana sayarwa ɗai-ɗai a leda, ka yar da shaidar. Uwar da ta saya daga hannunka cinikin biri a sama ta yi. In dole sai ka karya, ajiye takardar a kan tebur inda mai saye zai gani, kuma kada wuƙa ɗaya ko faranti ɗaya ya haɗa mai biskit da marar biskit.

In an tambaye ka ko akwai alkama a ciki, ba ka duba ba, ka ce ban duba ba, zo mu duba tare. Kada son ciniki ya sa ka ce "ba komai, Hajiya, ɗauki". Ribar da ke ciki ba ta kai kuɗin gadon asibiti na dare ɗaya ba, balle haƙƙin yaro. Kuma ko ta fuskar kasuwa, gidan da ke da irin wannan yaro in suka samu mai gaya musu gaskiya, sun zama naka, har maƙwabta za su turo.

Wajen ɗauka, man koko na narkewa da zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34. Sanyin hunturu ne lokacinsa. Sa kwalin a tsakiyar kaya, nesa da inji da rufin mota, nesa da fetur, sabulu da busasshen kifi, don yana ɗaukar wari. In ya narke ya sake daskarewa za ka ga fari-fari a kansa. Ba fumfuna ba ce, man ne ya taso, ba ya cutarwa, sai dai ya rage kyau. Amma ranar lalacewa dole a duba, wanda aka goge ko aka liƙa wata a kai kuwa, bar shi.

Ga mutanen ruga

Ku Allah ya hutar da ku ta wani ɓangare. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, nono, kindirmo, man shanu, wagashi, nama, duk babu gulutin, babu soya. Fura da nono ba ta da laifi. Haɗarin daga kasuwa yake biyo ku: burodi, fanke, taliya, cincin, alkaki, ɗanwaken da aka sa wa fulawa, masar da aka ƙara wa fulawa don ta tashi. Ta ɓangaren soya kuma awara, wadda in an soya ta takan yi kama da wagashi, da daddawar da yanzu wasu ke yi da waken soya maimakon kalwa, da garin kunun yara da ake kira Tom Brown, wanda sau da yawa akwai soya a ciki. Dunƙulen miya da madarar gari ma a juya bayansu a karanta. Injin niƙa kuma, in da hali, a fara zuwa da sassafe bayan an wanke, ko a koma turmi.

Abu ɗaya kuma: kada a jefa wa karen kiwo baƙin cakulan. Sinadarin ɗacin da ke cikinsa jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri, yana iya kashe shi.

Hanya mafi sauƙi

In duk ka duba ba ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi ba, nemi garin koko zalla, wanda jerin haɗinsa abu ɗaya ne tak. Golden Tree na da irinsa mai suna Royale, wasu kamfanonin ma na yi. Shi ma a duba bayansa. Cokali ɗaya a kofin kokon gero ko kunu ko madarar shanu mai ɗumi, da ɗan sukari ko zuma, koko ya haɗu da koko ke nan. In kana son na taunawa, samu man koko na ci. Na ci na ce, ba man shafawa mai ƙamshi da ake sayarwa da wannan suna ba, shi ba a cinsa. Sa shi a kwano, ka ɗora kwanon a kan ruwan zafi har ya narke, zuba garin koko kusan daidai da yawan man, da sukarin da aka daka ya yi laushi, juya sosai, kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki don zai cure. Zuba a faranti mai tsabta, a yayyanka dabino a kai, a ajiye a wuri mai sanyi ya daskare. Ba zai yi santsin na kanti ba, amma ka san abin da ke ciki tun daga farko har ƙarshe. A ba yara da rana, kaɗan, don yana hana barci kamar ɗan'uwansa goro.

Alhajin da na ba ku labari, mun zauna a bakin masallaci na rubuta masa kalmomin nan a bayan kwalin sukari, Turanci a dama, Faransanci a hagu, ya ƙara na Larabci da hannunsa. Washegari ya kira ni daga wani kanti a Adum, ya ce ya juya guda shida, biyar sun faɗi, ɗaya ya rage, ga hotonsa nan in duba masa. Muka karanta tare, layi bayan layi, har ƙasa. Ya sayi uku, ya ƙara da gwangwanin garin koko, ya ce na maigida da uwargida ne su ma su ɗanɗana.

Wanda ke da tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, in da hoton takarda ya haɗo da shi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu taɓo maganar allurar shanu kafin saukar damina. Masu hanya Allah ya kiyaye, masu kiwo Allah ya ƙara albarka, marasa lafiya Allah ya ba su sauƙi. A huta lafiya.